Korona, Kaji da Raƙuma: Yadda Rigakafi Ke Aiki a Jikin Mutum da na Dabba



Har yanzu ba a manta da shekarar 2020 ba. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Najeriya, can Legas, cikin watan Afrilu kuma ta ɓulla a Daura. Aka taƙaita zirga-zirga, kasuwanni suka yi sanyi, maniyyatanmu ba su samu sauke farali ba a wannan shekarar da wadda ta biyo bayanta. Da allurar rigakafi ta iso ƙasar nan a watan Maris na 2021, sai tambaya ta cika majalisu: cutar da ta fito jiya-jiya, yaya aka yi har an samo rigakafinta? Kuma a kan wa aka gwada?

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta shafe ka kai mai kiwo fiye da yadda kake zato. Da yawa daga abin da likitoci suka sani game da korona, a jikin kaji da raƙuma da wasu dabbobi aka fara koyonsa. In ka gane yadda abin yake, za ka gane dalilin da wani ke yi wa kajinsa rigakafi su tsallake hunturu lafiya, maƙwabcinsa kuma ya yi amma akurki ya wayi gari wayam.

Korona dangi ce guda

Kalmar korona sunan dangi ne na ƙwayoyin cuta irin waɗanda ake kira bairos. Ido ba ya ganinsu. A ƙarƙashin madubin bincike mai ƙarfi, kowace ƙwaya tana da wasu ƙayoyi da suka zagaye ta kamar kambin sarauta, daga nan sunan ya samo asali a 1968.

Ta farko da aka sani a wannan dangi cutar kaji ce. A 1931 aka bayyana ta a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, inda take shaƙe 'yan tsaki. Ita ce cutar mashaƙon kaji da likitocin dabbobi ke taƙaita sunanta da IB, kuma tana nan ƙasarmu. Alamunta: kaji na atishawa da gurnani a maƙogwaro, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya fito a yamutse ko da laushi, farin ƙwan ya tsinke kamar ruwa. A 2009 ma masana sun bayyana wani sabon nau'inta da suka samu a kajin Najeriya da Nijar, suka raɗa masa suna Ibadan. Ba ta kama mutum.

Shanu ma suna da tasu, wadda ke cikin abubuwan da ke sa maraƙi zawo a makonnin farko na haihuwa. Kyanwa na da tata. Mutane kuwa suna da guda huɗu da ke kawo mura ta yau da kullum, sai guda uku masu haɗari: SARS da ta ɓulla a ƙasar Sin a 2002, MERS da aka gano a Saudiyya a 2012, da kuma wadda ta haddasa annobar da ta fara a birnin Wuhan a ƙarshen 2019.

Me ya sa ta kaza ba ta kama ka? Ƙayar nan da ke jikin ƙwayar cutar kamar makulli take. Ba ta shiga ƙwayar halittar jiki sai ta samu kwaɗon da ya dace da ita. Kwaɗon da koronar 2019 ke buɗewa a jikin mutum ana kiransa ACE2, na MERS kuma DPP4. Da masana a Jamus da Sin suka sa wa kaji koronar 2019 da gangan, ba ta kama su ba. Kyanwa kuwa ta kamu. A ƙasar Denmak cutar ta shiga gonakin wata dabba da ake kiwo don fatarta, mai suna mink, har aka ba da umarnin hallaka kusan miliyan 17 a watan Nuwamba na 2020. Wannan shi ne haɗarin dangin korona: wani lokaci makullin kan canza siffa, ya buɗe kwaɗon da a da bai iya buɗewa ba.

Yadda jiki ke kare kansa

Allah Ya yi wa jikin mutum da na dabba kariya hawa uku.

Hawa na farko shinge ne: fata, majina, hawaye, da tsamin ciki. Yawancin ƙwayoyin cuta a nan suke tsayawa. Ƙurar hunturu da bushewar iska suna raunana wannan shinge a hanci da maƙogwaro.

Hawa na biyu masu gadi ne da ke far wa duk baƙon da ya tsallako, ba tare da sun san ko wane ne ba. Cikin sa'o'i suke tashi. Zazzaɓi da kumburi da ƙin cin abinci aikinsu ne. Shi ya sa in an yi wa akuya allura ta kwana ɗaya tana noƙewa, ko wurin allurar ya ɗan tashi, galibi alama ce jiki ya karɓi saƙo.

Hawa na uku su ne masu koyon fuskar abokin gaba, kuma kashi biyu ne. Kashi ɗaya na ƙera wasu sinadarai da ake kira antibodi, waɗanda ke yawo cikin jini suna manne wa ƙayar cutar don kada ta shiga kwaɗo. Ɗaya kashin ana ce musu ƙwayoyin T. Su aikinsu su nemo ƙwayoyin halittar da cuta ta riga ta shiga, su hallaka su kafin ta hayayyafa. In yaƙi ya ƙare, wasu daga cikin waɗannan sojoji kan zauna da tunanin fuskar cutar, wata da watanni ko shekara da shekaru.

To ga inda gizo ke saƙa. Wannan hawa na uku yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kammala shiri a karon farko. Cuta mai zafi kamar Niyukasil, wadda ke share kajin gida lokacin hunturu, ba ta jiran mako biyu. Abin da rigakafi ke yi shi ne ya nuna wa jiki fuskar cutar tun ba ta zo ba, ta hanyar ƙwayar da aka raunana, ko wadda aka kashe, ko wani ɓangare nata kawai. Ranar da ta gaskiyar ta iso, sai ta tarar an san ta.

Akwai kuma kariyar aro. Maraƙi da ɗan akuya da ɗan tunkiya ana haifarsu kusan ba su da antibodi ko kaɗan, daga dakashin uwa suke samu. Hanjinsu na iya tsotse shi sosai ne a sa'o'i shida na farko, in aka kwana aka wuni kuwa ƙofar ta rufe. Wanda ya tatse dakashi ya zubar, ko ya bar maraƙi bai sha da wuri ba, ya miƙa shi ga zawo da hannunsa. 'Yan tsaki su kuma ta gwaiduwar ƙwai suke gadon tasu kariyar.

Abin da aka gano a mayankar Kano

Wannan magana ta antibodi da ƙwayoyin T, an ga aikinta a nan kusa da mu.

Cutar MERS daga raƙuma take tsallakawa zuwa mutane. A Saudiyya da maƙwabtanta, cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu, kusan ɗaya cikin uku sun rasu. Shi raƙumin kuwa ɗan yoyon hanci kawai yake yi ya warke. Ɗaya daga dalilan shi ne kwaɗon DPP4 a cikin hancin raƙumi yake da yawa, a jikin mutum kuwa can cikin huhu yake.

A farkon 2015 masana daga Jami'ar Hong Kong tare da abokan aikinsu 'yan Najeriya sun ɗebi samfuri daga raƙuman da ake yankawa a abbatuwar Kano. Fiye da kashi 90 cikin 100 na raƙuman suna da antibodin MERS a jininsu, wato sun taɓa kamuwa. Kusan ɗaya cikin goma kuma na ɗauke da ƙwayar cutar a hanci a ranar da aka gwada su. Sai aka juya kan mahautan da ke aiki da raƙuman kullum. Aka gwada jininsu, ba a ga antibodi ba. Da an tsaya nan, da an ce cutar ba ta taɓa shiga jikin kowa ba.

Masanan suka koma, wannan karon suka nemi ƙwayoyin T. A cikin ma'aikata 61 masu hulɗa da raƙuma, 18 na da ƙwayoyin T da suka san fuskar MERS. Ma'ana cutar ta taɓa shiga jikinsu, jikin ya yi maganinta shiru ba tare da an sani ba. An kuma gwada nau'in MERS na raƙuman Afirka a ɗakin bincike, a ƙwayoyin huhun mutum da a jikin ɓeraye na musamman, aka ga bai kai na Saudiyya ƙarfin hayayyafa ba.

Labarin na da daɗi, amma da sauran rina a kaba. Bairos na canza kama. Raƙuma na shigowa daga Nijar da Chadi, suna ratsa kasuwanninmu na kan iyaka irin su Mai'aduwa da Jibiya. In kana da raƙumi don noma ko ɗaukar kaya, ko kana sana'ar fawa, ka riƙe waɗannan: ka wanke hannu da sabulu bayan taɓa hanci ko bakinsa, ka tafasa nonon taguwa kafin sha, ka dafa naman ya nuna sosai. Mai ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko tsohon ciwon huhu ya nisanci raƙumin da ke yoyon hanci, domin irinsu MERS ta fi yi wa illa. Wanda kuma ya kamu da zazzaɓi da sarƙewar numfashi bayan hulɗa da raƙuma, ya faɗa wa likita maganar raƙuman ƙarara.

Me ya sa ake fara gwaji a kan dabbobi

Kai ma ba ka shuka sabon iri a gonarka gaba ɗaya. Kana ware kunya biyu ko uku ka gani tukuna. Haka masu haɗa rigakafi ke yi, kuma dangin korona sun taɓa koya musu darasi mai ɗaci.

A 1990 wasu masana a ƙasar Holan sun gwada wani rigakafin koronar kyanwa. Kyanwoyin da aka yi wa suka ƙera antibodi, amma da cutar ta zo sai suka riga waɗanda ba a yi wa ba mutuwa. Antibodin ya manne wa cutar, bai kashe ta ba, sai ma ya zame mata jagora zuwa cikin jiki. Tun daga nan duk mai haɗa rigakafin wata korona ya san dole ya duba wannan haɗari a jikin dabba kafin ya kusanci mutum.

Da annobar 2019 ta taso, sai aka nemi dabbar da za ta kamu irin kamuwar mutum. Ɓeran ɗakin bincike na yau da kullum bai kamu ba, saboda kwaɗonsa bai dace da makullin ba. Aka yi sa'a tun 2007 masana a Jami'ar Iowa ta Amurka sun samar da ɓeraye masu ɗauke da kwaɗon ACE2 irin na mutum, don binciken SARS, sai aka hayayyafa su da gaggawa. Wani ɗan ɓera mai suna hamsta shi ma ya yi amfani, domin huhunsa na kamuwa sosai. Wata dabba mai kama da tunku, feret, ta nuna yadda cutar ke yaɗuwa daga wannan zuwa wancan. Birai kuma su suka fi kusa da mu a tsarin garkuwar jiki.

Ga misalai biyu daga rigakafin Jami'ar Oxford, wanda kamfanin AstraZeneca ya yi, kuma shi ne ya fara isowa Najeriya. Da aka gwada shi a kan birai a jihar Montana ta Amurka a 2020, biran da aka yi wa ba su kamu da ciwon huhu ba, amma an ci gaba da samun ƙwayar cutar a hancinsu. Tun daga wannan gwaji aka hango abin da ya faru daga baya a cikin mutane: allurar na hana tsananin ciwo da mutuwa, amma ba lallai ta hana kamuwa gaba ɗaya ba. A cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Pirbright da ke Ingila kuma, an gwada shi a kan aladu, aka ga allura biyu ta fi ɗaya tayar da antibodi nesa ba kusa ba.

Gwajin dabba dai ba ya wadatarwa, domin ɓera ba mutum ba ne. Bayansa ake bin matakai uku a jikin mutanen da suka amince da bakinsu: 'yan kaɗan don a ga ko akwai illa, sannan ɗaruruwa don a daidaita awo, sannan dubbai don a ga ko yana kariya. Gwajin rigakafin Pfizer kaɗai ya ƙunshi mutum sama da 40,000. Ko bayan an fara yi wa jama'a ana ci gaba da sa ido, kuma ta haka aka gano cewa na AstraZeneca kan jawo daskarewar jini ga wasu 'yan ƙalilan ƙwarai, har wasu ƙasashe suka sauya shekarun waɗanda za a yi wa.

Mutanen Arewa na da dalilin yin tambaya. Abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, bai gushe a zukata ba. Abin da ya kamata a koya daga nan shi ne a riƙa tambayar wa ya tantance, da izinin wa, kuma ina lambar rajistar hukumar NAFDAC. Wannan tambaya ta hau kan maganin da za a ba ɗanka, ta kuma hau kan wanda za a ba saniyarka.

To yaya aka yi sauri haka?

Ba daga tushe aka fara ba. Tun bayan SARS da MERS an riga an san ƙayar nan ce ya kamata a nuna wa jiki. Ayarin Farfesa Sarah Gilbert a Oxford sun riga sun haɗa rigakafin MERS, har an gwada shi a kan raƙuma a Saudiyya da kuma mutane a Ingila. Da aka fitar da bayanan halittar sabuwar cutar a watan Janairu na 2020, sai suka cire ƙayar MERS suka sa ta sabuwar a gurbinta, kamar mai garma da ya canza baki ya bar sauran. Fasahar da Pfizer da Moderna suka yi amfani da ita kuwa, wadda ke aika wa jiki saƙon yadda zai ƙera ƙayar da kansa na ɗan lokaci don ya koye ta, an shafe shekaru ana aikinta. Katalin Kariko da Drew Weissman sun wallafa muhimmin bincikensu a kai tun 2005, aka ba su kyautar Nobel a 2023. Ga kuma kuɗi da aka zuba ba ƙaƙƙautawa, ga masu cutar da yawa, don haka sakamakon gwaji bai jima ba ya fito. Ranar 2 ga Maris 2021 kusan allurai miliyan 4 suka sauka a Abuja. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci, ko da yake cutar na nan tana yawo.

Darasin bushiya

Dattawanmu sun san ƙarfin rigakafi tun kafin korona. Ka tambayi duk tsohon Bafillatanin da ya yi kiwo a dajin Rugu game da bushiya. A ƙarshen ƙarni na 19 ta kusa share shanun ƙasar Hausa. Yaƙi da ita na cikin manyan dalilan kafa cibiyar binciken dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924. A 1962 aka fara wani babban gangami na yi wa shanu allura a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, cutar ta ja da baya har aka ɗauka ta tafi. Sai aka yi sake, aka daina bin sababbin maruƙa. A farkon shekarun 1980 ta dawo da ƙarfinta ta yi ɓarna mai yawa. Aka sake ɗaura ɗamara, wannan karon ba a saki ba, har aka ayyana kawar da ita daga doron ƙasa a 2011.

Ƙanwarta na nan, wato cutar PPR ta awaki da tumaki, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo. Rigakafinta da ake amfani da shi a ƙasashe da dama daga ƙwayar da aka samo a Najeriya a 1975 aka haɗa shi, kuma allura ɗaya na kare dabba aƙalla shekara uku. Duniya ta sa 2030 a matsayin lokacin da take fatan gamawa da ita.

Abin da za ka yi a gidanka

Na ɗaya, ka yi rigakafi tun dabba na da lafiya. Rigakafi ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma ka tuna yana son mako biyu kafin ya kama. Don haka na Niyukasil a yi shi kafin hunturu ya shigo, da an fara kawar da amfanin gona. Nau'in I-2, wanda cibiyar Vom ke yi, ana ɗiga shi a ido ne, ya fi sauran jure zafi, kuma ana maimaita shi duk wata huɗu.

Na biyu, kowace cuta da nata. Rigakafin Niyukasil ba ya kare kaza daga Gumboro ko mashaƙon IB, na ciwon huhun shanu ba ya kare su daga harbin daji ko saifa. In kana kiwon kajin gidan gona, ka karɓi jadawalin rigakafi daga inda ka sayi 'yan tsaki, ka bi shi kwana da kwana.

Na uku, kada ka yi wasa da allura ta biyu ko ta shekara. Na ciwon huhun shanu duk shekara ake sabunta shi. 'Yan awakin da aka haifa bayan gangamin bara ba su da kariya da zarar ta dakashi ta ƙare, sai a yi musu nasu in sun kai wata uku zuwa huɗu. In aka yi da wuri ƙwarai, antibodin uwa kan kashe rigakafin kafin jiki ya koye shi.

Na huɗu, sanyi. Yawancin rigakafi abu ne mai rai, ana ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta wuni a kan tebur a rana cikin kasuwa ta zama ruwa kawai, ko da kwanan watanta bai ƙare ba. Ka saya inda akwai firij mai aiki, ka ɗauko a kula da ƙanƙara, ka yi aikin da sassafe a inuwa. Wanda ake zubawa a ruwan sha, a sa shi a ruwa mai tsabta marar sinadarin kulorin, a ɗan hana kajin ruwa kafin nan don su shanye cikin sa'a biyu.

Na biyar, ka gyara jikin dabbar. Wadda yunwa da tsutsar ciki da kaska suka cinye ba ta iya ƙera kariya mai ƙarfi. A ba da maganin tsutsa, a tanadi harawa da ƙaiƙayi da dusa don bazara.

Na shida, kafso da allurar kashe bakteriya ba sa kashe bairos. Yawan ɗura wa kaji su ba tare da shawarar likita ba asarar kuɗi ce, kuma yana sa maganin ya daina ci ranar da ake bukatarsa.

Na bakwai, baƙuwar dabba a ware ta. Ka tuna biran nan da aka yi wa allura amma cuta na hancinsu. Dabba kan yi kyau a ido tana ɗauke da abin da zai kwantar da garke. Duk abin da ka sayo a kasuwa, ko ka kai bai sayu ba ka dawo da shi, ka ɗaure shi daban mako biyu zuwa uku, saniya ma ta fi haka.

Aikin ƙungiya

Halin tsaro a yankinmu ya ƙara wa abin nauyi. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukan bakin daji da 'yan dabbobin da suka rage, an cunkushe a cikin Batsari da Safana da Runka da sauran garuruwa. Dabbobin da ba su taɓa haɗuwa ba yanzu suna shan ruwa a kwami ɗaya, malaman dabbobi kuma ba kowane lungu suke iya shiga ba. Irin wannan yanayi cuta ke so.

A nan ƙungiya ke da rana. Kwalba ɗaya ta rigakafi ta ishi kaji ko awaki hamsin, ɗari ko fiye, kuma da an buɗe ta ba a ajiyewa. Mai kaji bakwai ba zai saya shi kaɗai ba, amma gida goma sha biyar in suka haɗa kuɗi, abin da zai hau kan kowa bai kai kuɗin kaza ɗaya ba. Sannan in mafi yawan dabbobin unguwa na da kariya, cuta ba ta samun matakalar da za ta bi, har 'yan ƙalilan da ba a yi wa ba su ci albarkaci.

Don haka ku tsayar da rana ɗaya ta rigakafi ga unguwa baki ɗaya, ku sanar da mai unguwa da limami su yi shela. Ku sayi kula ta ƙungiya. Ku zaɓi mutum biyu, namiji da mace, malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya koya musu ɗiga I-2, tunda kaji da awaki galibi a hannun mata suke, kuma mace ce za ta shiga gidaje ba shamaki. Ku ajiye littafi: gidan wa, dabba nawa, wane rigakafi, wace rana, lambar kwalba. In gwamnatin jiha ta fito da gangamin allurar shanu da awaki, ku tattara dabbobinku wuri ɗaya da ma'aikata za su iya isa cikin aminci.

In kuka ga kaji ko dabbobi na mutuwa da yawa lokaci ɗaya, kada a yi saurin yankawa ana kaiwa kasuwa. A sanar da ofishin dabbobi nan take, a binne gawar da zurfi, a hana yara wasa da ita, a wanke hannu. Murar tsuntsaye da ta shigo Najeriya a 2006, da saifa, duk suna iya tsallakawa zuwa mutum, kuma mai kiwo ne ke fara ganin alama kafin kowane likita.

Kafin taronku na gaba, kowa ya ƙirga kajinsa da awakinsa ya zo da adadin. Da shi za ku san kwalba nawa za ku nema kafin sanyi ya sauko. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.